Mun san kakansa, ba mu san wanda ya biya masa kuɗin fom ba

Wasu shekaru da suka wuce, ana saura 'yan watanni zaɓe, wasu abokan arziki suka same ni da wata buƙata. Ƙaninsu zai tsaya takarar majalisar dokokin jiha, suna son a rubuta taƙaitaccen tarihinsa, a buga a ɗan ƙaramin littafi da za a raba ranar ƙaddamar da takara, a kuma karanta a rediyo. Na amsa, domin mutanen kirki ne, kuma akwai zumunci tsakaninmu. Muka zauna a zauren babban yayansa bayan la'asar, ni da biro da littafin rubutu, su kuma su huɗu.

Kafin a yi minti goma na cika shafi biyu. Sun ba ni sunan mahaifinsa, da kakansa, da kakan kakansa, da inda zuri'ar ta taso da abin da ya taso da ita, da sarautar da aka taɓa riƙewa a gidan, har da malamin da kakan ya sauke Alƙur'ani a hannunsa. Wani dattijo ne a cikinsu yake jero sunayen yana lumshe ido, kuma da jin muryarsa ka san abin da yake faɗa ya san shi ciki da bai. Sai na ce, to, daga lokacin da ya gama makaranta zuwa yau, wajen shekara 18 ke nan, me yake yi? Zauren ya yi tsit. Can sai yayan ya ce, "Ɗan kasuwa ne." Na ce, Alhaji, kasuwancin me? Ya ce, "Malam, harkoki dai. Rubuta ɗan kasuwa kuma mai taimakon al'umma."

Haka na rubuta. Magabata sun samu shafi biyu, mutumin da za a zaɓa ya samu layi ɗaya.

Tun daga ranar nake lura da irin wannan tarihi duk inda na gan shi, a jikin kalanda, a bakin mai gabatarwa a wajen taro, a shafukan Facebook na masu tallar ɗan takara. Kusan duk zubinsu ɗaya. An haife shi a gida kaza, ɗa ne ga wane, jika ga wane. Ya yi firamare, ya yi sakandare. Daga nan sai a yi tsalle guda a dira a kan ranar da "al'umma suka matsa masa" ya fito takara. A ƙarshe a rufe da adadin matansa da 'ya'yansa. Shekarun da mutum ya yi yana neman abinci, yana ƙulla alaƙa, yana cin bashi yana biya ko yana ƙin biya, shekarun da halinsa ya kafu, su ne ake haɗiyewa.

Ba ina cewa tambayar asali banza ce ba. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san nauyinta. Gidan da mutum ya fito yana ba shi tarbiyya, yana kuma ba shi mutanen da zai ji kunyarsu, kuma a ƙasar da kotu ke jan ƙafa, kunya babban linzami ce. Ɗan majalisar da ya san idan ya yi abin assha akwai baffan da zai aika a kira shi ya tsugunna, ya fi wanda ba shi da mai faɗa masa ya ji. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne tsayawa a nan. Ku dubi yadda muke binciken aure. Babu uban da zai ba da 'yarsa don kawai an ce masa yaron ɗan gidan wane ne. Sai ya aika an tambayo sana'arsa, da abokan da yake zama da su, da yadda yake mu'amala da kuɗin mutane, da ko yana shaye-shaye, da yadda ya rabu da matarsa ta fari in ya taɓa aure. Mun iya bincike sarai. A siyasa ne kaɗai muke yin rabinsa mu naɗe tabarma.

Wataƙila abin da ya sa muke sakaci shi ne raina kujerar. Idon jama'a yana kan shugaban ƙasa da gwamna, sai sanata. Ɗan majalisar jiha kuwa ana zaɓensa ne a rana ɗaya da gwamna, kuma sau da yawa guguwar gwamnan ce ke kwaso shi, musamman in an yi kiran a yi sak. Mutum zai dangwala wa alamar jam'iyya ya fito bai ma san sunan wanda ya zaɓa ba. Alhali kundin tsarin mulkin 1999 bai ɗauki kujerar da wasa ba. Ya ce kowace jiha ta samu majalisa mai mambobi daga 24 zuwa 40, kuma a zaɓen 2023 akwai irin waɗannan kujeru 993 a faɗin ƙasa. Gwamna ba shi da ikon taɓa asusun jiha sai da kasafin da suka amince da shi. Kwamishinoni sai sun tantance su. Sashe na 128 ya ba su ikon kiran jami'in gwamnati su bincike shi a kan yadda aka kashe kuɗin da suka ware. Ko gyaran kundin kansa ba ya yiwuwa sai majalisu 24 cikin 36 sun sa hannu.

Wanda yake ganin wannan magana ce ta takarda kawai, ya tuna ranar 23 ga Yunin 1981, lokacin da majalisar dokokin Kaduna, wadda 'yan jam'iyyar NPN suka fi rinjaye a cikinta, ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP, bayan ta daɗe tana ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa. Ya tuna Adamawa a Yulin 2014, inda majalisa ta tsige Gwamna Murtala Nyako, kakakinta Ahmadu Umaru Fintiri ya zama muƙaddashin gwamna, daga baya kuma ya ci zaɓen gwamna a 2019. Ya tuna Kano, inda a 2019 majalisa ta yi dokar da ta raba masarauta gida biyar cikin 'yan kwanaki, a Mayun 2024 wata majalisar ta soke dokar, ita ma cikin 'yan kwanaki. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan rikici, dole ya yarda cewa mutanen da ba su wuce 40 ba ne suka ɗaga hannu aka juya tarihin ɗaruruwan shekaru, sau biyu cikin shekara biyar. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya faɗin abin da waɗannan mutane suke yi kafin su shiga majalisa?

Tarihinmu ma bai goyi bayan dogaro da asali kaɗai ba. A majalisar Arewa da ke Kaduna, wadda gininta na Lugard Hall yanzu majalisar dokokin jihar Kaduna ke zama a ciki, an taɓa samun Ahmadu Bello, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, suna zaune tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda bai fito daga gidan sarauta ba, mahaifinsa yana cikin masu yi wa hakimi hidima ne. Da tambayar "ɗan gidan wane ne" za a bi, da Abubakar bai wuce ajin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi ba. Amma shi ne a 1950 ya miƙe a majalisar ya gabatar da ƙudurin neman a yi wa mulkin En'e garambawul, a zamanin da irin wannan magana sai mai ƙarfin zuciya. Abin da ya tsaya masa shi ne shekarun da ya yi yana malanta, yana ganin yadda ake tafiyar da talaka da idonsa. Shi kuwa Malam Aminu Kano daga gidan malamai da alƙalai ya fito, gidan da ke cikin tsarin mulkin masarauta tsundum. Wanda ya duba asalinsa kaɗai zai rantse cewa zai kare tsarin ne. Sai ga shi ya ƙare rayuwarsa a sahun talakawa. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma Bahaushen da ya faɗi haka shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ya ga duka biyun.

Don haka ne ma ba na ɗaukar sabuwar tallar da ta zama yayi, wato "ɗan talaka ne, ya san zafin talauci." Ita ma tambayar asali ce aka juya mata riga. Na ga ɗan talakan da ya shiga majalisa ya rufe ƙofarsa ya canza lambar waya kafin shekara ta zagayo, na kuma ga ɗan masu hali da ya zauna ya karanta kasafin kuɗi layi-layi ya tayar da rigima a kan kuɗin asibitin karkara. Talauci yana koya wa wani tausayi, yana koya wa wani tsoron komawa cikinsa, kuma wannan tsoro yana iya sa mutum ya sayar da komai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: ɗan majalisa a yau iyaye biyu gare shi. Akwai wanda ya haife shi, akwai wanda ya haifi takararsa. Littafin tarihi yana cika da sunan na farko, amma a zauren majalisa na biyun ne yake da magana.

A yi lissafi. Doka ta ce wanda zai tsaya ya kasance ɗan ƙasa, ya kai shekara 25 tun bayan gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018 wanda ya rage daga 30, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, sannan jam'iyya ta tsayar da shi. A takarda ƙofa a buɗe take. Amma a 2022 fom ɗin neman takarar majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, tun kafin a je ga daliget, kafin fosta, kafin motocin yawon kamfe, kafin wakilan akwati. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ƙayyade cewa ɗan takarar wannan kujera kada ya kashe fiye da naira miliyan 30. A ƙaddara ma kowa yana tsayawa a nan. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 sai ya yi sama da shekara 35 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa wannan kuɗi. To malamin firamare ko matashi ɗan shekara 28 da muka gani a fosta, wa ya ba shi? Wani ya bayar. Ko gwamna, ko sanatan yankin, ko ɗan kwangilar da ke jiran a saka aikinsa a kasafi. Kuma wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A nan ne ake samun amsar abin da ke ba mutane mamaki, wato yadda majalisa za ta karɓi kasafin ɗaruruwan biliyoyi ta amince da shi ba tare da an ji wata muhawara mai zafi ba, ko ta amince wa gwamna ya ciwo bashin da jikokinmu za su biya a zama guda. Jama'a su ce 'yan amshin shata ne. Gaskiya ne, amma amshin yana da tushe. Mutumin da aka ɗauko aka ɗora, wanda ya san ba ƙarfinsa ne ya kawo shi ba kuma ba ƙarfinsa ne zai dawo da shi ba, ba zai ɗaga murya a gaban wanda ya ɗora shi ba, ko kakansa waliyyi ne. Abin ya kai a gyaran kundin tsarin mulki na 2010, da aka kawo wa majalisun jihohi batun ba su 'yancin karɓar kuɗinsu kai tsaye ba ta hannun gwamna ba, ba a samu adadin majalisun da ake buƙata sun amince ba. An miƙa musu mabuɗin ɗakinsu, wasunsu suka ƙi karɓa. Sai a 2018 aka samu gyaran ya wuce, kuma bayan nan ma aka daɗe ana ja-in-ja a kan aiwatar da shi.

Sai dai zan yi zalunci in na ɗora laifin duka a kansu, domin na taɓa ganin ɗaya gefen da idona. Na je gidan wani ɗan majalisa da sassafe, ko ƙarfe bakwai ba ta yi ba, kan wata magana da ta shafi makarantar unguwa. Na tarar da mutane sun fi talatin a ƙofa. Wata tsohuwa tana riƙe da takardar magani da ta naɗe a gefen mayafinta, har ta yi laushi saboda gumi. Wani yana da katin ɗaurin aure, wani takardar kuɗin makarantar ɗansa, wani matarsa ce ta haihu, wasu samari kuma sun zo gaisuwa ne kawai, sun san ba za su koma hannu rabbana ba. Da ya fito, idonsa ja saboda rashin barci, aka yi caa, "Allah ya ja zamanin Onarabul!" Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana sauraro, yana sa hannu a aljihu. Da muka keɓe sai ya ce mini, "Malam, wallahi rabin waɗanda ka gani 'yan'uwana ne na jini. In na hana, a ce na samu duniya na manta da dangi. A cikinsu babu wanda ya taɓa tambayata wace doka muka yi."

Maganar ta zauna mini. Asalin da muka yi ta kirari da shi lokacin zaɓe shi ne yake dawowa ya zama kaya a wuyansa bayan zaɓe. Babban gida yana nufin baki da yawa. Albashi da alawus ba za su ɗauki nauyin zuri'a guda da mazaɓa guda ba, don haka sai ya nemi ƙari, kuma ƙarin yana hannun wanda aka zaɓe shi ya sa wa ido. Mun aike shi ya tsare mana rumbu, sannan muka tsaya a ƙofarsa kowace safiya muna neman abin da ba zai samu ba sai ya roƙi mai ɗiban rumbun. Ba na zargin tsohuwar nan mai takardar magani, ita ba ta da wata ƙofa. Amma da majalisar ta yi aikinta a kan kasafin lafiya, da ba ta fito da asuba tana jiran wani ya sa hannu a aljihu ba.

Akwai kuma wata al'ada da ke ƙara yaɗuwa, in ɗan majalisa ya rasu a kan kujera sai a ce a ba ɗansa ko ƙaninsa takara don a share wa iyali hawaye. Tausayi abu ne mai kyau, amma kujerar ta mutanen mazaɓa ce, ba ta cikin abin da ake rabawa a gado. In ɗan ya cancanta ya fito ya nema kamar kowa.

Mata kuwa tambayar asali takobi ce a kansu. Namiji ana tambayar gidansu don a yabe shi, mace ana tambaya don a kore ta. In ta tsaya a garin mijinta a ce ba 'yar nan ba ce, in ta koma garin iyayenta a ce ai ta yi aure ta tafi. A zaɓen 2023 majalisar Kano mai kujeru 40 ba ta samu mace ko ɗaya ba, a shekarar da Rukayat Shittu, 'yar shekara 26, ta ci kujera a majalisar Kwara. Majalisar da za ta yi magana a kan mutuwar mata wajen haihuwa da karatun 'ya'ya mata babu mace a ciki, akwai abin da ba za ta taɓa ji ba.

Abin takaicin shi ne, wani ɓangare na abin da muke buƙatar sani ba a ɓoye yake ba. Kowane ɗan takara yana cike fom na rantsuwa ga hukumar zaɓe, wanda ya ƙunshi shekarunsa da makarantunsa da wuraren da ya yi aiki, kuma hukumar tana liƙa shi a mazaɓa don jama'a su gani. Sashe na 29 na dokar zaɓe ta 2022 ya ba kowa damar neman kwafi in ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Takardun nan ba abin wasa ba ne. A Bayelsa, ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar zaɓaɓɓen gwamna David Lyon saboda matsalar takardun mataimakinsa. Amma sau nawa wani daga cikinmu ya taka zuwa ofishin hukumar na ƙaramar hukuma ya tsaya ya karanta abin da aka liƙa a bango? Kundin tsarin mulki kuma ya wajabta wa ɗan majalisa ya bayyana kadarorinsa da bashin da ke kansa ga hukumar ɗa'ar ma'aikata, har da na 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba. A nan doka ta damu da iyalinsa, kuma ta damu ne ta fuskar dukiya. Sai dai takardar tana shiga durowa ne, mai zaɓe ba ya ganinta. Ni a ganina duk ɗan takarar da yake da gaskiya ya buga tasa da kansa, babu dokar da ta hana shi.

Haka nan aikin cikin zaure. Kundi ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku ba tare da dalili ba yana iya rasa kujerarsa. Sashe na 97 ya ba majalisa damar gudanar da zamanta da harshen mutanen jihar bayan Turanci, in ta zartar da ƙudurin haka. Me zai hana a riƙa muhawarar kasafi da Hausa inda Hausa ce harshen jama'a, a sa a rediyo, manomi yana gona ya ji ko wakilinsa ya buɗe baki? Galibi da murya ake kaɗa ƙuri'a a zauren, masu eh su ce eh, masu a'a su ce a'a, a buga guduma, a tashi babu wanda zai iya cewa wane ga inda ya tsaya. Bayan shekara huɗu sai a dawo mana da hoton rabon kekunan ɗinki da buhunan taki a ce shi ne wakilci. Kiranye kuwa yana nan a sashe na 110, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu kafin a yi ƙuri'ar raba gardama, abin da ke da wuyar gaske. Ranar zaɓe ce damarmu, kuma binciken da za a yi kafin ranar shi ne makaminmu.

Mutumin da na rubuta wa tarihi ya ci zaɓensa. Da shekara huɗu ta zagayo, yayansa ya sake kirana a waya, ya ce za a sabunta littafin don tazarce, a ƙara hotunan ayyuka. Na ce masa, Alhaji, zan yi da zuciya ɗaya, kuma sunayen magabata suna nan yadda baba ya faɗe su, ba zan taɓa ko ɗaya ba. Amma wannan karon ina son a ba ni sana'ar da ya yi kafin siyasa da wuraren da ya yi ta, da wanda ya saya masa fom, da kwanakin da ya halarci zama, da ƙudurorin da ya kawo, da inda ya tsaya ranar da aka amince da bashin jiha. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai yi magana da Onarabul. Na ce masa ina nan, duk ranar da aka tattaro su a kira ni, zan zo da birona.